Makullin Farar Mota

Shafi na 14

Masu turo saƙo suna cewa na rataye su, na ji. Ni ba inji ba ne. Ga shi nan. Wanda zai karanta ya zauna ya karanta, ban da tsallake layi a dawo ana tambayata abin da na riga na faɗa.

*

Karo na goma sha ɗaya ke nan Direba yana kawo farar motar nan otal.

Aikin ya zauna masa a hannu. Asabar ɗin ƙarshen wata ya ɗauko ta daga garejin maigidansa mai ba da hayar motoci, ya wanke ta tas, ya kwance lambar gaba da ta baya, ya naɗe su a tsohon tawul ɗinsa ya tura ƙarƙashin kujera. Ya shiga da ita ta babbar ƙofar ɗakin taro tun kujeru suna fanko, ya ajiye ta gefen dandamali, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Kullin ƙyallen kuma wuri ɗaya yake zama, kan murfin gaba ta hagu, daidai inda wani mai babur ya taɓa karce ta.

Kamfanin mai sayar da shayin rage ƙiba ne, amma ba shayin ne cinikinsu ba. Ɗaliban jami'a suke tarawa. Ka zuba kuɗi ka shiga, ka kawo uku, ukun nan kowa ya kawo uku. Duk ƙarshen wata a ba wanda ya fi kawo mutane kyautar mota. An ce musu kamfani ya sayo irinta hamsin. Motar kuwa ɗaya ce tak. Taro na watsewa a ce wa mai rabo za a kai ta a yi mata takardu, ya saurari waya. Direba ya mai da lambobinsa, ya ninke ƙyalle, ya mai da ita gareji kafin magariba.

Makullin da ake miƙa wa mai rabo fanko ne, ko batir babu a ciki. Na gaskiyar yana aljihun Direba. Yakan tsaya bayan labulen da ke jikin ƙofar ma'aikata, idan mai rabo ya ɗaga hannu ya danna nasa, shi ma ya danna. Mota ta yi ƙara sau biyu, fitilu su ƙifta, ɗaki ya kaure.

Abu ɗaya ya hana kansa tun ranar farko: kallon fuskokin yaran. Hannun mai rabo kaɗai yake kallo.

Yana gama ɗaurin ƙyallen ya fito baya, ya zauna kan bencin Maigadi, tsohon da ke tsaron ƙofar otal ɗin.

"Mai rabon motoci ya iso," in ji Maigadi. "Yau kuma ɗan wa za ka yi wa arziki?"

"Ni direba ne. An ce kai mota, na kai."

"An ce danna, ka danna."

"Kai ma an ce buɗe ƙofa, kana buɗewa."

"Ai ni ƙofata da gaske take buɗewa."

Direba ya ciro hularsa ya kaɗe ta a gwiwa.

Maigadi ya rage murya.

"Dogon nan mai tabarau, wanda ka ba ita wata na huɗu, ya sake zuwa ranar Laraba."

"Ban san shi ba."

"Da ƙafa ya zo. Takalminsa ya buɗe baki. Ya ce don Allah in nuna masa ofishin da ake yin takardun."

"Me ka ce masa?"

"Na ba shi ruwa ya sha."

"Uwarsa da ubansa fa? Ba su da baki?"

"Zai iya gaya musu? Rabin ajinsu shi ya kawo."

Direba ya mai da hular kansa.

"Ka ga, ni 'ya ɗaya nake da ita a jami'a, shekarar ƙarshe. Abin da nake samu ranar Asabar ɗin nan shi ne littafinta, shi ne kuɗin motarta. Kowa ya kula da nasa."

Haka mutum yake. Idan yana son ya ci abin da bai halatta ba, sai ya fara jingina shi da sunan 'ya'yansa.

Cikin ɗakin taro an kunna lasifika. Aka fara tafin nan nasu, uku a jere, sannan su haɗa baki: "Gobe tamu ce." Bango har rawa yake yi.

Wayar Direba ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta sake. 'Yarsa ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

"Uwata. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Kana ina?"

"Ina wajen aiki. Amarya zan kai."

Abin da gida suka sani ke nan, cewa ranar Asabar motar biki yake tuƙawa.

"To Baba, ka kai ta a hankali, ita ce ta ƙarshe."

"Ta ƙarshe kamar yaya?"

Ta yi dariya, irin dariyar da rabonsa da jin ta tun tana sakandare.

"Ka ce wa mai motoci ya nemi wani direban. Shekara talatin kana buɗe wa mutane ƙofa, ya isa."

"Wace magana ce wannan?"

"Ba zan faɗa ba. Bayan la'asar ina nan tafe gida. Ka ce wa Inna ta share ƙofar gida sosai, ta kawar da turmin nan daga hanya."

"Uwata, kina ina yanzu?"

"Baba, za a karɓi wayoyi, sai na zo."

Bai ji sauran ba. Kunnensa na dama, wanda ke jikin waya, ya ji tafi uku a jere. Na hagu, wanda ke fuskantar bango, shi ma ya ji tafi uku a jere.

"Gobe tamu ce," in ji waya.

"Gobe tamu ce," in ji bango.

Layin ya yanke.

Ya sake kira. A kashe. Dokarsu ce, kowa ya ajiye waya a kwando a bakin ƙofa, wai don kada hankali ya rabu.

"Mene ne?" in ji Maigadi. "Ka yi fari kamar motarka."

Direba ya tashi.

Ya bi ta ƙofar ma'aikata, ya wuce masu jera kwalaben ruwa, ya isa bayan labulensa. Ya ɗaga gefe da yatsa ɗaya. Karon farko cikin wata goma sha ɗaya ya kalli fuskoki.

Yara ne. Yara ƙanana, wasu ko gemu bai fito musu ba. Riguna an goge da kyau, wuyan rigar ya ci wanki har ya koɗe. Kowa da ambulan a cinya, ya dafe ta da hannu biyu.

A layin gaba, kujerar tsakiya, ga Uwata, an rataya mata shuɗin ƙyallen kamfani a kafaɗa. Mayafin da ya saya mata lokacin da ta shiga jami'a ne a kanta. Idonta na kan motar, tana murmushi ita kaɗai.

Ya saki labulen.

*

Wanda suke ce wa Jagora yana ƙaramin ɗakin bayan dandamali, gaban madubi, yana gyara kwat. Saurayi ne da bai wuce talatin ba, wayoyi uku a kan tebur, turarensa ya riga shi cika ɗakin.

"Baba Direba. An ɗaura ƙyalle? Yau ka danna da kyau fa, wancan watan ka riga yaron da kusan daƙiƙa guda."

Direba ya tura ƙofar ya rufe.

"Yarinyar da za a ba yau. A canza ta."

"A canza ta? Wannan ai zinariya ce. Mutum ashirin da uku ta kawo mini yau kaɗai."

"'Yata ce."

Hannun Jagora ya tsaya a kan maɓallin kwat. Ya kalle shi ta cikin madubi. Sannan ya juyo a hankali, ya jawo kujera da ƙafa.

"Zauna, Baba."

"A tsaye na zo."

"Ikon Allah. Ashe kai ne direban." Ya buɗe wata jaka ya zaro ƙaramin kati. "Ka san duk wanda ya shigo muna sa shi ya rubuta burinsa. Ga nata. In karanta maka?"

"Ban tambaye ka ba."

"Burina in saya wa babana mota, ya daina tuƙa ta mutane." Ya ajiye katin a tebur, ya shafa shi da yatsa. "Yau zan karanta shi a gaban taro. Duk wanda ke ɗakin nan sai ya yi hawaye. Ka haifi 'ya, Baba."

"Ka yaudare ta."

"Ni?"

"Kai. Ka sami yarinya ba ta san komai ba, ka cika mata kunne."

Jagora ya yi murmushi, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

"Kunne ba ya sa ɗalibi ya saki kuɗin makarantarsa, Baba. Na yi shekara biyu ina surutu a ɗakuna, mutum biyar, mutum shida. Sai da ido ya gani. Duba kwanan watan da ke jikin katin."

Direba bai duba ba.

"To ni in faɗa maka. Ranar da muka fara kawo motar nan ce. Ƙawarta ta jawo ta, ta zauna can baya tana harararmu. Na lura da ita, ta naɗe hannu, ta ce duk ƙarya ce. Har ta tashi za ta fita. Sai yaron farko ya ɗaga makulli." Ya ɗaga hannu sama, ya lanƙwasa babban yatsa. "Mota ta amsa. Ta koma ta zauna."

Ta bango ana jin wata tana ba da labarin yadda shayin ya canza rayuwarta.

"Ni magana kawai na yi. Kai ka shigo da ita."

Direba ya dafa bayan kujerar da ya ƙi zama.

"Nawa ta zuba?"

"Ba ka so ka sani."

"Kuɗin rijistar da na ba ta watan jiya fa?"

Jagora ya ɗaga kafaɗa.

"Mataki ɗaya ya rage mata ta kai na mota. Ta saye kwalayen shayi ta cike."

"Ta ce mini ta biya."

"Kai ma ka ce mata amarya kake kaiwa, ko ba haka ba? Na ji ana faɗi a gareji."

Jibi Litinin ake rufe rijista. Direba ya sani, don ita da bakinta ta gaya masa. Wanda bai yi ba, ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Kuɗin nan kuwa wata bakwai ya yi yana haɗa su, kuma ya san ba shi da inda zai sake samo irinsu cikin kwana biyu, ko da zai sayar da gadon da yake kwana a kai.

"Ka mayar mata," ya ce. Muryarsa ta sauka, shi kansa bai gane ta ba. "Shekara huɗu ta yi. Wata uku ya rage. Ka dubi Allah, ɗana."

"Yanzu ka yi magana. Zan mayar mata."

Direba ya ɗago.

"Gobe da safe, cif, har hannunka. Litinin ta yi rijistarta, ta yi jarrabawa, ta fito da kwalinta. Motar kuma in ce mata takardu sun sami matsala, kamar kowa. Ta yi kukan sati guda ta manta. Ba za ta taɓa sanin kana bayan labule ba."

"Me zan yi?"

"Aikinka. Abin da ka yi sau goma."

"Daga ina za ka ba ta?"

"Daga inda ake ba kowa."

"Ambulan ɗin da ke cinyar yaran can."

"Su ma Litinin ce tasu, shi ya sa kuɗin ke hannunsu yau. Na ce musu su zuba, kafin a rufe an ninka musu. Suna jiran abu ɗaya ne kawai, su ga ƙawarsu ta buɗe mota." Ya ɗauki ɗaya daga cikin wayoyinsa ya duba lokaci. "Ashirin da uku, Baba. Ka san ko ɗaya daga cikinsu?"

"A'a."

"To ka gani. Ita kuma ɗaya ce."

"In na ƙi fa?"

Jagora ya saka wayar a aljihu. Har yanzu murmushin yana nan, amma idon ya bar shi.

"Ni ina da ƙofar baya, kuma jakata a haɗe take kullum. Ita fa? Ba ni na bi su ɗaki-ɗaki ba. Ba ni na rantse musu ba. Akwai waɗanda ta kawo tun bara, sun kai arba'in, suna cikin ɗakin nan. Idan motar nan ta yi shiru, fuskar wa suka sani? Ɗakin kwanan wa suka sani? Maigidanka kuma, ka san rabonsa a cikin hayar nan. Kafin ka isa gareji ya karɓe makullansa."

Ya zo wucewa, ya tsaya ya gyara wa Direba wuyan riga, kamar ɗa mai ladabi.

"Bayan jawabina ne. Zan ƙirga uku, yadda aka saba."

*

A lungun da ke tsakanin ɗakin nan da labule, wata yarinya ta fito daga wajen famfo tana goge hannu a mayafi. Ta yi turus.

"Baba? Lah, Baba ne."

Abokiyar ɗakin Uwata ce a makaranta. Suna ce mata Lauya saboda bakinta ba ya hutawa. Ta sha zuwa gidan hutu, Inna tana ƙorafin ta cinye mata kunne.

Ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Baba. Ashe ta gayyato ka. Kai, yarinyar nan da ɓoye abu. Ta ce mana ba za ka sani ba sai ta faka ta a ƙofar gida."

"Tashi, 'yata. Kada ki gaya mata kin gan ni."

"Na gane. Ka zo ka yi mata ba-zata. Bakina a ɗinke."

Ambulan ɗin tana hannunta. Ta jiƙe ta gefe, ta yi laushi saboda riƙo.

"Wannan fa?"

"Na rijista ne." Ta kalli ƙasa, ta yi 'yar dariya. "Mamata ta aiko shekaranjiya. Ka san shara take yi a asibiti, wannan karon har aikin dare ta karɓa wata uku. In ta ji inda zan kai su sai ta yanka ni. Amma an ce kafin Litinin sun dawo biyu, sai in biya, in aika mata da sauran ta sayi takalmi. Ƙafarta kumbura take yi."

"Kin yarda da su?"

"Su? Wancan mai turaren? Ko kaɗan. Ni fa sai da na yi wata takwas ina yi mata dariya a ɗaki, ina ce mata mai shayi."

"To me ya kawo ki?"

"'Yarka." Ta faɗe shi kai tsaye, kamar ta faɗi ranar mako. "Ita ba ta ƙarya. Ta ba mu labari, tana aji uku a firamare ta zo gida da biron da ba nata ba, ka tasa ta gaba da ƙafa, rana tsaka, har gidan malamin, ta mayar. Ta ce a gidanku ko wasa ba a yi da ƙarya. Duk mu ashirin da ukun nan, Baba, ba kamfani muka bi ba. Tarbiyyarka muka bi."

Ya tuna biron. Ja ne, murfinsa a tattaune. Ya tuna ƙafarta ta yi bororo, ya goyo ta a dawowa.

"Baba, lafiya? Ko in kawo maka ruwa?"

"Je ki zauna."

"Ka yi mana addu'a."

Ta wuce da sauri, tana tura ambulan ɗin cikin mayafi.

*

Ya tsaya a wurinsa. Ƙasan wajen har ya san takalminsa.

Jagora yana kan dandamali, ya cire kwat ya rataya a kafaɗa, yana zagayawa da makirfo. Ya yi maganar talauci, ya yi maganar masu digiri da ke yawo da takardu a rana. Ya tambaye su ko suna son su mutu yadda iyayensu za su mutu. Suka ce a'a. Sannan ya zaro katin.

Ya karanta shi a hankali, kalma-kalma.

Direba ya ga 'yarsa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ya ga Lauya ta rungumo ta. Ya ga wani yaro a layi na biyu ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu, ambulansa a ƙirji.

Aka kira ta. Tafi uku. Ta hau, ƙafarta tana harɗewa da siket. Jagora ya buɗe ƙaramin akwati mai jan ciki, ya miƙa mata fankon makulli da hannu biyu.

Direba ya sa hannu a aljihu. Babban yatsansa ya sami maɓallin da kansa, ba tare da ya nema ba.

Litinin. Wata uku. Kwali a bangon falo, inda Inna ta riga ta buga ƙusa tun bara.

"Ɗaya," in ji Jagora. Ɗaki ya amsa.

Dannawa ɗaya ce. Ko ƙarfi ba ta buƙata.

"Biyu."

Ya sa ido a kan hannunta, yadda ya saba. Amma hannun nan ya san shi. Akwai tabon ƙuna a gindin yatsa, na ranar da ta fara koyon guga don ta goge masa farar rigar aiki.

"Uku."

Ta danna.

Motar ba ta ce komai ba.

Wasu sun riga sun fara tafi, tafin ya rataye a iska ya mutu. Uwata ta kalli makullin, ta kalli motar.

Jagora ya yi dariya a makirfo.

"Amarya ce, kunya take ji. A sake mata. Ɗaya, biyu..."

Idonsa na kan labule.

"Uku."

Shiru. Har ƙarar fankar sama ana ji.

Labulen ya buɗe.

Direba ya fito da tsohuwar rigarsa da hularsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da buhu. Bai kalli kowa ba. Ya bi ta gaban layin farko ya nufi dandamali.

"Baba?" in ji Uwata.

"Babanta ne," Lauya ta miƙe tana faɗa wa na bayanta. "Wallahi babanta ne, direban da aka karanta."

Ɗaki ya ɗauka cikin shiri ne. Tafi ya ɓarke fiye da na ɗazu, wasu suka hau kujera. Uwata ta saki kuka da dariya haɗe, ta taho za ta faɗa jikinsa.

Jagora ya riga ta. Ya rungumi kafaɗar Direba, ya juyo da shi wajen taro.

"Kun ga yadda kamfaninmu yake? Mun ɗauko mahaifinta da kanmu. Mota ta ƙi buɗewa sai mai ita ya zo." Ya kawar da makirfon, ya kai baki kunnensa. "Litinin, Baba." Ya dawo da shi daidai leɓen Direba. "Gaya musu da bakinka. Motar wa ce wannan?"

Direba ya zaro hannu daga aljihu. Ya ɗaga shi sama, inda na ƙarshen ɗaki ma zai gani.

Ya danna.

Mota ta yi ƙara sau biyu. Fitilu suka ƙifta.

Na baya suka yi ihu. Na gaba ba su yi ba, don sun ga makulli biyu, ɗaya a hannun uba, ɗaya a hannun 'ya. Shirun ya fara daga layin farko yana tafiya baya, layi bayan layi.

"Ta haya ce," ya ce. Lasifika ta kai maganar kowane lungu. "Kowa ya riƙe ambulansa. Uwata, buɗe ƙofar direba. Sa hannu ƙarƙashin kujera."

"Baba, me kake..."

"Yi abin da na ce."

Ba ta taɓa musa masa ba. Ta sauka, ta buɗe, ta sunkuya. Ta jawo ƙunshin. Tun kafin ta warware ta tsaya, don ta san tawul ɗin. Shuɗi ne, gefensa ya zare, shekara nawa tana shanya shi a igiyar tsakar gida.

Lambobin biyu suka zame suka faɗi a kan tayil, ƙararsu ta cika ɗakin.

Hannun da ke kafaɗar Direba ya ɓace. Ƙofar baya ta buɗe ta rufe, babu wanda ya waiwaya. Kujeru ne suka fara motsi. Mutum ɗaya ya miƙe, sannan biyar, sannan waɗanda ta kawo tun bara, kuma ba dandamali suke kallo ba.

Ita ba ta gan su ba. Ta taho da tawul ɗin a hannu, ta tsaya gaban ubanta, kusa da makirfon da aka bari a kunne.

Hawayen ya tsaya. Muryarta ta fito a daidai, ba rawa.

"Baba. Ranar da na fara zuwa nan, na tashi zan fita."

Ya kasa ɗago kai.

"Kai ne ka danna?"